ƘUGIYA MAI KUNNE KO MARAR KUNNE: WACCE YA KAMATA MASUNCI YA ƊAURA?

Jawabin da aka gabatar a zaman masunta na taron shekara-shekara na ƙungiyarmu



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. Na san lokacin da aka ga taken jawabin nan a takardar gayyata wasu sun yi murmushi. Gari na fama da matsalar hanya da ruwan sha da rufin makaranta, a ce kuma za a tara mutane a kan ɗan tsinin ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba! To, wannan ɗan ƙarfe yana da hannu a cikin abin da masunci zai kai gida da yamma, da lafiyar yaranmu masu zuwa fatsa, da kuma yawan kifin da zai rage a kogin nan nan da shekara ashirin. Ni malamin makaranta ne, alli na sani. Hausawa kuwa na cewa idan kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, babu mai musa masa. Saboda haka abin da na tattaro zan shimfiɗa a gaban masu sana'a, su auna shi da abin da suka sani.

MENE NE KUNNEN ƘUGIYA?

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙugiya ya san a bayan tsininta akwai wani ɗan ƙarfe da ya juya baya. Shi nake kira kunne, kamar yadda maharba ke cewa kunnen kibiya. Tsini shi ke shiga, kunne shi ke hana fita. Akwai irinsa a cikin halittu ma. Ƙarin ƙudan zuma yana da kunnuwa, shi ya sa idan ta harbi mutum ƙarin ke maƙalewa a fata, ita kuma ta mutu. Rina kuwa nata ƙarin kusan sumul yake, tana iya harbi ta zare ta sake harbi. Haka nan ƙayar ƙurungu, wadda kowane masunci ya san zafinta, tana da 'yan haƙora a gefe masu yaga nama wajen fita.

Ƙugiya ta girmi kunnenta. A shekarar 2016 masu binciken kayan tarihi suka ba da labarin ƙugiyoyin da aka tono a wani kogo a tsibirin Okinawa na ƙasar Japan, waɗanda aka sassaƙa daga ɓawon katantanwar teku kimanin shekara 23,000 da suka wuce. Ba su da kunne. Daga baya ne ɗan Adam ya ƙara shi. A nan ƙasar Hausa maƙera ne suka daɗe suna ƙera wa masunta ƙugiya, kafin ta kanti ta mamaye kasuwa. Kamfanin Mustad na ƙasar Norwe, wanda dattawan masunta suka san kwalinsa, ya fara ƙera ƙugiya da inji tun 1877. Kusan duk ƙugiyar da ake sayarwa a kasuwanninmu mai kunne ce, har ta kai da yawa daga cikinmu ba su san ana iya zaɓi ba.

AIKIN DA KUNNE YAKE YI

Abu biyu ne kan riƙe kifi a jikin ƙugiya. Na farko ɗamewar igiya. Muddin igiya na ɗame, lanƙwasar ƙugiya tana zaune daram a bakin kifi, ba shi da hanyar tofar da ita. Na biyu shi ne kunne, wanda aikinsa ke farawa a lokacin da igiya ta yi sako-sako. Wato kunne mai gadi ne da masunci ya bari a madadin hannunsa. Idan muka riƙe wannan, sauran maganar duka za ta zo da sauƙi, domin tambayar da za a fara yi kafin a ɗaura ƙugiya ita ce: wa ke riƙe da igiyar?

Kunne yana da wani amfani kuma, shi ne riƙe koto. Tana mai rai tana mutsu-mutsu, kuma a ƙugiya marar kunne takan zame ta faɗi, ko ƙananan kifaye su tsince ta cikin sauƙi.

Amma mai gadin nan ba kyauta yake aiki ba. Kunne yana ƙara wa tsini kauri, don haka ƙugiya mai kunne ta fi buƙatar ƙarfi kafin ta nutse a baki mai tauri. A gwada da allura da basilla a jikin fata ɗaya, za a ga bambancin. Sa'an nan wajen cirewa sai an yaga nama, kuma sai an ɓata lokaci. Idan kifin na tukunya ne, babu damuwa. Idan kuwa ƙarami ne da ya kamata a mayar ruwa, ko kuma abin da ƙugiyar ta kama yatsan yaro ne, magana ta canza.

INDA KUNNE YA ZAMA DOLE

Masuncin da ya shimfiɗa mamari da la'asar, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, ya koma gida sai da asuba zai dawo dubawa, ba shi da hannu a kan igiyar nan dare farai. Tarwaɗar da ta haɗiyi koto da tsakar dare tana da sa'o'i da yawa na birgima da murɗewa. A ce wa irin wannan mutum ya kashe kunnen ƙugiyoyinsa, an ce masa ke nan ya ciyar da kifi kyauta ya bar iyalinsa da yunwa. Babu mai hankalin da zai ba da wannan shawara, ni ma ba ita na zo da ita ba.

Haka kuma wanda ya fita neman babban kifi domin sayarwa. Giwan ruwa idan ta ji ƙarfe takan yi tsalle sama ta buɗe baki ta girgiza kai, kuma a wannan ƙiftawar ido igiya kan saki. Tsage ma haka yake, ga bakinsa ƙashi ne da haƙora. Kifi ɗaya irin wannan na iya zama kuɗin makarantar yaro na zango guda. Duk wanda ya bar kunne a ƙugiyarsa domin wannan, yana da hujja.

INDA HANNU YA ISA

Mai fatsa kuwa yana tsaye a bakin ruwa ko yana zaune a kwale-kwale, sanda na hannunsa, idonsa na kan igiya. Da kifi ya taɓa zai fizga, kuma tsakanin fizgar da fitowar kifi 'yan daƙiƙoƙi ne. A nan hannu ne mai gadi. Idan ya iya riƙe igiya a ɗame, bai bari ta yi ciki ba, kaɗan ne zai kuɓuce masa.

Kada a ɗauka wannan al'adar masu kamun kifi don nishaɗi ce kawai. Masuntan kifin tuna da ke aiki da sanda, a tsibiran Maldibs da Japan da tashar Tema ta ƙasar Ghana, ƙugiya marar kunne suke ɗaurawa, kuma neman abinci suke yi kamar kowa. Sukan watsa ƙananan kifaye masu rai a teku, garken tuna ya taso yana wawa, su kuma su jeru a gefen jirgi. Kowa ya fizgo kifi sai ya wurga shi ta bayansa, da igiya ta saki kifin ya zame da kansa ya faɗi cikin jirgi, ƙugiya ta koma ruwa nan take. Da akwai kunne, da sai an tsaya ana cirewa, kafin a gama garke ya nutse. Ga su nan, rashin kunne ne ribarsu. Mai fatsar karfasa ko kawara a lokacin da kifi ke ci sosai yana iya samun irin wannan sauri.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

A Amurka da Kanada da Turai, inda mutane da yawa ke kama kifi su sake shi, an daɗe ana muhawara a kan wannan batu. Lardin Biritish Kolombiya na Kanada ya wajabta ƙugiya marar kunne a dukkan kogunansa. Gandun dajin Yellowstone na Amurka ma ya hana mai kunne, sai dai a matse kunnen. A Ingila tafkunan kamun kifi da yawa suna da irin wannan ƙa'ida, ko da yake akwai masu ganin ƙugiya marar kunne tana yawo a bakin babban kifi tana faɗaɗa rauni, don haka suka fi son mai ɗan ƙaramin kunne.

Da masana suka zauna suka auna, sakamakon ya zo da abin lura. A 1997 wasu masana biyu a jihar Idaho ta Amurka, Schill da Scarpella, suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan tirawut, wani kifin ruwan sanyi. Suka tarar cewa idan da koton roba ko na ƙarfe aka kama shi aka sake, kimanin kashi 4.5 cikin ɗari ke mutuwa da mai kunne, kashi 4.2 da marar kunne. Bambancin bai taka kara ya karya ba. A 2005 kuma Bartholomew da Bohnsack suka duba bincike 53 a kan kifaye iri-iri, suka ga a matsakaici kashi 18 cikin ɗari na kifin da aka sake ne ke mutuwa, kuma babban abin da ke yanke hukunci shi ne inda ƙugiya ta soka. Wanda ta kama a leɓe yakan rayu. Wanda ya haɗiye ta har maƙogwaro ko ta taɓa wurin numfashinsa yana cikin haɗari. Sun kuma ga cewa idan ƙugiya ta yi zurfi, yanke igiya a bar ta a ciki ya fi a tsaya ana tona ta.

Saura batun lokaci. A 1992 Ferguson da Tufts a Kanada suka gwada tirawut da aka gajiyar. Cikin waɗanda ba a fitar daga ruwa ba kashi 88 suka rayu. Waɗanda aka riƙe a iska daƙiƙa 30, kashi 62. Waɗanda suka yi minti ɗaya cur, kashi 28 kacal. Kifayenmu ba duka ne haka ba. Tarwaɗa da gaiwa suna shaƙar iska, suna iya daɗewa a tudu. Amma kawara da tsage ba su da wannan juriya, masunta sun fi ni sani.

Darasin da na ɗauka shi ne, cire kunne shi kaɗai ba layar tsare ran kifi ba ce. Amfaninsa yana cikin saurin cirewa da ƙarancin yaga. Wanda ya kashe kunne amma ya bar kifi ya haɗiyi koto har ciki, ko ya jefar da shi a kan yashi mai zafi yana hira, bai yi komai ba. Kuma mai riƙe da sanda shi ne ke da ikon fizga da wuri kafin kifi ya haɗiye. Mun sake komawa ga hannu.

YARANMU

A nan ne zuciyata ta fi karkata. A shekarun da na yi ina shugabantar makarantun firamare a garuruwan bakin ruwa, babu daminar da za ta wuce ba a kawo mini yaro da ƙugiya a yatsa ko a tafin ƙafa ba. Wani lokaci ma a kunne ko a kumatu, domin yara kan jeru kusa da juna suna wurga igiya ba tare da duba baya ba. Ƙugiya marar kunne idan ta shiga, ta hanyar da ta shiga take fita, kamar ƙaya. Mai kunne kuwa sai ma'aikacin lafiya ya tura tsininta ya ɓullo ta gaba, ya datse kunnen, sa'an nan ya zaro ta baya, ko kuma ya tsaga. Wanda ya taɓa riƙe yaro ana yi masa wannan aiki ba zai so ya sake gani ba.

Yaro ɗan shekara goma da ke fatsar karfasa a bakin gulbi ba ya ciyar da gida. Idan kifi biyu sun kuɓuce masa, babu tukunyar da za ta kwana a kife. Ban ga dalilin da zai sa a ba shi ƙugiya mai kunne ba. Ƙari a kan haka, yaron da ya koyi fatsa da marar kunne dole ya koyi riƙe igiya a ɗame, kuma shi ne zai zama gwani.

Idan tsautsayi ya auku, ga abin da ya kamata iyaye su sani. A fara yanke igiya domin kada wani ya ja ta. Idan kunne bai nutse ba, a zare a hankali. Idan ya nutse, kada a fizga, a kai yaro asibiti. Idan kuwa a ido ne, ko fatar ido, ko wuya, ko cikin gaɓa, kada kowa ya taɓa ƙugiyar. A kife ɗan kofi mai tsabta a kan idon yadda ba zai danne ta ba, a nufi babban asibiti. Rauni a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu. Kada a zuba toka ko ƙasa ko baƙin mai. A kuma tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora, domin rauni mai zurfi da datti shi ne ƙofarsa, musamman ga wanda ya fi shekara 5 rabonsa da allurar.

GIRMAN ƘUGIYA DA GOBEN KOGI

Ga mai mamari, wanda muka ce kunne dole ne a gare shi, akwai nasa zaɓin, shi ne girman ƙugiya. A irin lambar da aka saba da ita a kasuwanninmu, gwargwadon hawan lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya. Ƙaramar ƙugiya tana kama ɗan kifin da bai taɓa yin ƙwai ba, kuma yakan haɗiye ta gaba ɗaya, ko an so a sake shi ya riga ya mutu. Babbar ƙugiya tana tace kifi tun a ruwa, domin ƙaramin baki ba ya iya ɗaukarta.

Ƙasashen da ke kewaye da tafkin Biktoriya, wato Yuganda da Kenya da Tanzaniya, sun ga giwan ruwa na ƙanƙancewa a hannun masunta, sai suka amince a farkon shekarun 2000 cewa ba za a kama wadda ba ta kai santimita 50 ba. Mu ma muna da Dokar Kamun Kifi ta Cikin Ƙasa ta 1992, wadda ta haramta guba da nakiya da lantarki, muna kuma da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa kusa da madatsar Kainji, inda za a iya neman shawara. Kafin duk waɗannan, kakanninmu sun san hutar da ruwa. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali a 1934 har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ana tsare Matan Fada har ranar biki, kuma da homa da gora ake shiga. Shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

SHAWARWARI

Na farko, duk ƙugiyar da za a ba yaro a kashe kunnenta. Ba sai an sayi sabuwa ba. A kama ta da filaya a matse kunnen a hankali har ya kwanta, ko a goge shi da magagari. Domin a tabbatar, a soka ta a tsumma a zaro. Idan ta fito ba ta ja zare ba, aiki ya yi. Ina roƙon masu sayar da kayan su a kasuwarmu su ajiye filaya a kan tebur, su yi wa kowane yaro wannan kafin ya tafi.

Na biyu, manyan masu fatsa su gwada da kansu, domin gani ya kori ji. Mutum ya yi mako guda da mai kunne, mako guda da marar kunne, a wuri ɗaya da koto iri ɗaya, ya ƙirga abin da ya kama da abin da ya kuɓuce. A taron baɗi a kawo mana lissafi. Wanda tana ke zame masa, ya ɗan soka guntun roba a bayan koto, za ta tsaya.

Na uku, masu mamari su riƙe kunnensu, amma su zauna da Sarkin Ruwa a tsayar da lambar ƙugiyar da ba za a sauka ƙasa da ita ba a ruwanmu. Su kuma riƙa duba igiya da wuri, kada ta wuce kwana guda. Tsohuwar igiya mai ƙugiyoyi kada a bar ta a ruwa ko a gaɓa, domin tana ci gaba da kama kifi da tsuntsaye da ƙafafun masu wanka da dabbobin da ke zuwa shan ruwa.

Na huɗu, ƙaramin kifin da za a mayar, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi domin kada a goge yauƙin da ke kare jikinsa, a cire ƙugiya da sauri, a sa shi a ruwa a hankali. Idan ya haɗiye ta, a yanke igiya kusa da baki.

Na biyar, ƙungiyarmu ta haɗa kai da asibitin garinmu a ware rana guda kafin damina domin yi wa masunta da 'ya'yansu allurar tetanus, a kuma roƙi shugabannin makarantu su yi wa ɗalibai bayanin nan a taron safe.

KAMMALAWA

Jama'a, ban zo in ce ɗaya daga cikin ƙugiyoyin nan ta fi ɗaya a kowane hali ba. Igiyar da za ta kwana a ruwa babu kowa a kanta tana buƙatar kunne, kuma ta fi buƙatar ƙugiya mai girma. Igiyar da ke hannun mutum, musamman hannun yaro, za ta iya aiki ba tare da shi ba. Filaya guda da minti guda sun isa a fara, kuma ba sai mun jira gwamnati ba. Ina fatan kafin ruwan bana ya sauka Sarkin Ruwa zai kira zama a kan shawara ta uku, ita ce mai wuya, kuma ita ce ba za ta yiwu ba sai da yardar kowa.

Ina neman afuwar dattawan masunta idan na shiga gonar da ba tawa ba. Allah ya albarkaci ruwanmu, ya tsare mana 'ya'yanmu, ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya.